'Ya'yan Sauro a Duron Guba

Ruwan farkon damina bai gama tsanewa a titi ba aka kira caji ofis da hantsi. An tsinci gawa a harabar masu feshin sauro, bayan ƙaramin asibitin unguwa.

Insifeta ya ture kofin shayinsa ya ɗauki hula. Mutum ne mai ƙyanƙyami, wanda ko cokalin wani ba ya iya sha da shi, ga shi Allah ya haɗa shi da aikin da kullum cikin ƙazanta yake jefa shi. Tun daga bakin titi ya fara tsaki. Kwata ta toshe da leda, ruwa ya kwanta kore shar, ga tsofaffin tayoyi jibge, kowace da ɗan tafkinta. A jikin kowace ƙofa kuwa akwai da'irar alli, shaidar masu feshi sun shiga gidan sun feshe bango.

"Duk gidajen nan an yi musu?" ya tambayi Saje, wanda ke biye da shi.

"Duk, Yallaɓai." Saje ya kai wa wuyansa mari, ya duba tafinsa. Jini ne.

Harabar ba ta da girma. Ɗakin sito ɗaya, igiyar shanya cike da rigunan aiki, famfo a kusurwa, sai durorin roba jere inda ake ɗauraye tankunan feshi in an tashi aiki. Gawar na kwance rigingine kusa da duro na farko. Ɗan siririn mutum ne. Tankinsa na gefe a buɗe, wani farin ruwa ya bushe a leɓɓansa da gemunsa. Abokan aikinsa sun taru can nesa, kowa ya toshe hanci da takunkumi, ba wanda ya yarda ya matso.

Ƙamshi ne ya riga mai shi isowa. Ƙato ne cikin farar shadda, ya sha turare har sai da Insifeta ya yi atishawa. Shi ne shugaban ayarin feshi, yaransa na kiransa Mai-Turare a bayan idonsa.

"Ranka ya daɗe, kada ka matsa! Guba ce. Mamacin nan Barkono sunansa, ɗaya daga cikin yarana. Ya sha maganin tankinsa. Innalillahi! Ni a ganina a naɗe shi a leda a kai shi makwancinsa da wuri, kafin wani ya taɓa."

"Me zai sa ya sha?"

"Matsalar gida. Matarsa ba ta da kirki, baki gare ta."

"Jiya yaushe ka bar nan?"

"Da wuri. Na bar shi yana wanke tanki, na tafi taro."

"Wa ke haɗa maganin?"

"Ni da kaina." Ya gyara wuyan riga. "A da kowa ana ba shi kwalba ya haɗa a ƙofar mai gida. Ɓarna ta yi yawa. Bana na hana. Da safe nake kulle kaina a sito in haɗa, in miƙa wa kowa tankinsa a cike. Sabon magani ne, ba shi da wari, amma ya fi na bara kisa."

Insifeta ya sake duban gawar. Ya sa aka kira motar asibiti, ya ce gawa ba ta zuwa ko'ina sai gaban likita.

A bakin ƙofar harabar mata biyu ne ke zaune, kowace ta juya wa 'yar uwarta baya. Tsohuwar na ganin kakin 'yan sanda ta miƙe tana nuna ɗayar da yatsa.

"Ga ta nan, ɗana, kama ta! Ita ta kashe mini yaro. Da bakinta ta kashe shi!"

Matar Barkono ba ta musa ba. Idanunta sun kumbura, zaninta duk tabon ruwan magani na asibiti.

"Gaskiya Inna ta faɗa, Yallaɓai," ta ce a hankali. "'Yarmu na kwance a asibitin nan, zazzaɓi ya kai ta har suma. Jiya da ya dawo cin abinci raina a ɓace yake. Na ce masa, wai kai ne mai kashe sauron gari, ga shi sauro zai kashe maka 'ya a ɗakinka. Na ce aikin banza kake yi. Ya tsaya yana kallon bango, ya shafa, ya shinshina hannunsa, ya fita. Ban sake ganinsa ba."

"An feshe ɗakin naku?"

"Shi da kansa ya feshe. Sai da muka fitar da kaya duka, har tukwane."

"Bayan feshin me kika share?"

Ta ɗago, ba ta gane ba.

"Kyankyasai, ƙudaje, gizo-gizo. Me kika kwashe a ƙasa?"

"Bara kam har da abin kwasar shara na cika. Bana ko ɗaya. Kyankyasan ma sai ƙiba suke yi." Ta rufe fuska. "Da na yi shiru da yanzu yana nan. Me zan ce wa yarinyar in ta farka? In ce ni na kori ubanta lahira?"

Wannan tambaya ta tsaya wa Insifeta a rai. Ya ce su jira shi, ya koma ciki.

Bayan igiyar shanya wata dattijuwa na tsugune gaban baho, ta cusa hannu cikin rigunan masu feshi tana cuɗawa. Iya mai wanki ce, ita ke wanke kayan aikin kullum. Da ta ji takalmi ta yi saurin ɓoye hannayenta a zani.

"Sannu da aiki, Iya. Jiya kin ga wani abu?"

"Ban ga komai ba, ɗana. Ni idona ba ya gani sosai."

"Da hannu haka kike wanke kayan guba?"

"A'a, wane ni! Kullum da safar roba nake yi. Yanzun nan na cire."

"Ina take?"

Ta nuna ƙusa a bango. Insifeta ya ɗago safar da bakin biro. Ta bushe ƙamas, a cikin babban yatsan kuma zanzaro ya gina gidansa na laka, har ya rufe ƙofa.

"Yanzun nan kika cire, Iya, zanzaro ya yi gini?"

Tsohuwa ta sunkuyar da kai. Da ƙyar ta ce bara hannunta har saɓulewa ya yi saboda zafin magani, bana kuwa ko ƙaiƙayi babu, shi ya sa ta daina wahalar da kanta. Daga nan ta kulle bakinta. Ta ce tana da marayu a gida, kada a ja mata.

Insifeta ya matsa wurin durorin. Duro na farko shi ne wanda kowane tanki ke fara zubar da ragowarsa, wato a duk harabar babu ruwan da ya kai shi guba. Ya ɗaga murfin da ya karkace, ya leƙa. Ruwan fari-fari ne, alli ya kwanta a ƙasa. A saman kuwa wasu 'yan baƙaƙen abubuwa ne birjik, suna lanƙwasa suna miƙewa, suna nutsewa suna tasowa.

"Saje, zo ka gani."

Saje ya leƙa ya ja da baya. "'Ya'yan sauro! A cikin maganin sauro?"

"Har sun yi ƙiba." Insifeta ya tofar da yawu. Ya ga gawa iri-iri a aikinsa, amma bai taɓa ganin abin ƙyama irin wannan duron ba. Ya mayar da murfin ya ce kada Saje ya faɗa wa kowa.

Mai-Turare ya daɗe yana lalube a aljihu kafin ya samo makullin sito. Ciki kwalaye ne jere har rufi, yanar gizo ta lulluɓe su, tsaka na yawo a bango hankalinta kwance. A bayan ƙofa akwai buhun farar ƙasa da aka ci rabinsa.

"Wannan fa?"

"Za mu yi wa bango fenti ne, ranka ya daɗe."

A can kusurwa an kife wani kwando mai shuɗin baki. Ƙarni ne ke tashi daga jikinsa, irin wanda turaren duniya ba zai danne ba. Kewaye da shi ƙudaje ne matattu, baƙi ƙirin. A duk harabar masu kashe ƙwari, nan ne kaɗai Insifeta ya ga mataccen ƙwaro.

"Kwandon wa?"

"Ban sani ba. Yaran nan ba abin da ba sa kwasowa."

Da suka fito Saje ya matso kusa da kunnensa. "Yallaɓai, na san kwandon. Mutum ɗaya ne a kasuwa ke shafa wa kwandunansa shuɗin fenti. Mai busasshen kifin nan da mata ke layi a rumfarsa, wai kayansa tsaf, ƙuda ba ya sauka."

Insifeta ya tsaya cak. Matarsa ma can take saye. Shi ne ma ya yaba mata, ya ce ta samo mai tsabta.

Kafin kasuwa suka biya asibiti. Sai da suka tsallake mutane a baranda, uwaye zaune a ƙasa da yara a cinya, jiki zafi kamar garwashi, an rataye ledar ƙarin ruwa a jikin ƙusoshin taga. Likita ta fito tana cire safa, gajiya ta cika mata ido.

"Mutumin nan bai sha guba ba, Insifeta. Wanda ya sha irin wannan maganin, ƙwayar idonsa kan tsuke, kumfa ta cika ƙirjinsa. Shi babu ko ɗaya. Abin da ke bakinsa ko maƙogwaro bai wuce ba, bayan ya mutu aka ɗura masa. Kuma farar ƙasa ce da ruwa."

"To me ya kashe shi?"

"Duka a ƙeya, da ƙarfe mai nauyi." Ta dubi barandar. "Ka ga waɗannan? Duk daga gidajen da aka yi wa alamar alli suke. Da an ce musu ba a yi feshi ba, da sun ɗaura gidan sauro. An ce musu an yi, suka saki jiki."

Layin masu kifi a kasuwa sai ka rufe baki kake wucewa, don ƙudaje. Kowace rumfa mai ita na fama da mafici. Rumfa ɗaya ce shiru, kifi jere yana sheƙi, mata sun yi cincirindo. Mai rumfar ya taso da fara'a.

"Maraba da manya! Na gidanka ne ko na ofis?"

"Me ya sa ƙuda ba ya sauka a kayanka?"

"Tsabta ce, Yallaɓai, da addu'ar iyaye."

Insifeta ya zaɓi kifi mafi kyau, ya ɓare shi, ya miƙa masa. "Ci."

"Na ƙoshi, wallahi yanzu na..."

"Ci mana. Ai kayanka ne."

Gumi ya karyo wa mai kifi. Saje ya zagaya bayan rumfa ya ɗaga buhu. Kwalaben maganin feshi ne cike da kwando, da hatimin hukuma a jikinsu, ga wani baho da ake tsoma kifin a ciki. Ƙasan teburin kuwa gawar ƙudaje ce da tsutsa, har da ɓera ɗaya da ya kumbura.

Matan da ke layi suka watsar da abin da suka zaɓa. Wata ta fasa ihu, ta ce jiya ta dafa wa mai jego. Insifeta ya juya ya dubi mai kifi.

"Wa ke kawo maka?"

"Mijin yayata ne, shugaban masu feshi. Shi ya ce ɗan kaɗan ba ya komai."

"Shi yana cin kifin?"

Mai kifi ya ce, "Tun farkon bazara ya hana a kai gidansa."

Da la'asar Insifeta ya tara kowa a harabar. Masu feshi sun jeru, Mai-Turare a tsakiyarsu. Iya mai wanki na rakuɓe gefe. Matar Barkono da surukarta na bakin ƙofa, makwabta sun cika bayansu. An bar mai kifi a mota.

"Saje, kawo tankin mamacin."

Saje ya ɗauko shi a buɗe, ya zo daidai gaban layin, ya yi tuntuɓen da Insifeta ya koya masa. Farin ruwa ya watsu a jikin kowa.

Wuri ya hargitse. Abu na farko da ake koya wa mai feshi shi ne, in magani ya taɓa fatarka, ka bar komai ka ruga famfo da sabulu. Haka suka yi. Suka yi ta ture juna, wani na tuɓe riga yana salati, wani na kuka yana kiran sunan uwarsa. Mutum ɗaya ne bai motsa ba. Mai-Turare ya share ruwan daga fuskarsa da tafin hannu, har ya lashi leɓe, yana duban shaddarsa.

"Haba, Saje! Dubi yadda ka ɓata mini riga."

Sai ya lura shi kaɗai ya rage a layi. Masu feshi sun daina wanka, duk sun juyo suna kallonsa.

"Maganin da ya fi na bara kisa," in ji Insifeta. "Ya shiga bakinka, kai kuma rigarka kake ji."

"Ni... na saba da shi ne."

Insifeta ya ɗauki moɗa, ya ɗebo ruwan duro na farko, ya zagaya da shi gaban kowa. 'Ya'yan sauro na ta wasansu a ciki.

"Ga abin da kuka yi ta ɗauka a bayanku kuna shiga gidajen mutane. Farar ƙasa. Kun sa tsofaffi fitar da gado da katifa cikin rana, kun shafa musu alli a ƙofa, kun bar su da sauro. Maganin gaske yana kasuwa, a cikin kifin da muke ci." Ya ɗaga hannu, aka fito da mai kifi da ankwa, Saje ya dire kwandon kwalabe a gaban Mai-Turare.

"Sata ce, na yarda," Mai-Turare ya ce da sauri. "Amma Barkono shi ya sha..."

"Ya sha me? Farar ƙasa? Ko jariri ba za ta kashe ba. Likita ta ce ƙeyarsa aka fasa."

Iya mai wanki ta miƙe. "Ɗana, ƙarya na yi maka ɗazu. Shugaban nan ba wani taro da ya je. Ina shanya Barkono ya shigo da kyankyaso a cikin leda, da ransa. Ya ce ya fesa masa maganin har ya jiƙe, ya tashi ya ci gaba da tafiya. Ya ce sai an buɗe kwalayen sito a gaban kowa. Shugaban kuma ya ce in tafi gida, zai kulle da kansa."

Mai-Turare ya sulale ƙasa. Ya zauna daɓas cikin farin ruwan.

"Na roƙe shi," ya ce. "Na ce ya bari damina ta wuce. Ya ce 'yarsa ba za ta jira damina ba, asibiti zai je ya faɗa wa likita. Ya juya zai fita, sandar famfon tanki na hannuna. Sau ɗaya ne, wallahi sau ɗaya. Da na ga ba ya motsi, na ce in aka ce guba ya sha ba mai kusantar gawar. Na duba sito, babu ko kwalba ɗaya ta gaske, duk na kai kasuwa. Sai na zuba masa abin da ke tankin."

"Ka sayar da gubar har ba ka rage wadda za ka yi ƙarya da ita ba." Insifeta ya ja da baya, don ƙamshin ya dame shi. "Saje, sa masa ankwa. Ka buɗe gilasan motar."

Ɗaya daga cikin masu feshi ya kwance takunkuminsa ya jefar a ƙasa. Ya ce gidan uwarsa ma shi ya feshe, da hannunsa ya zana mata allin.

Ana jan Mai-Turare zuwa mota matar Barkono ta tare hanya. Ko kallonsa ba ta yi ba, Insifeta take duba.

"Yallaɓai, ka faɗa da ƙarfi, Inna ta ji, makwabta su ji. Ya sha ko bai sha ba?"

Insifeta ya cire hularsa. "Bai sha ba. Kashe shi aka yi, yana hanyar zuwa ceton 'yarsa da 'ya'yan mutane."

Ta gyaɗa kai, hawaye na zuba. "Amma maganata ce ta turo shi nan."

"Maganarki ce ta sa ya shafa bango. Ba don ita ba, da har ƙarshen damina ana binne yara ba a san dalili ba. Wanda ya kashe shi ga shi nan."

Uwar Barkono ta dube ta. Sannan ta taka a hankali, ta kama gefen mayafinta, ta share wa matar ɗanta fuska.

"Tashi mu je, 'yata," ta ce. "Kada yarinyar ta farka ba kowa a kanta."

Mota ta tashi, ta bi ta layin da suka shigo da safe. Labari ya riga su isa. A kowace ƙofa mace ce tsaye da tsumma da ruwa, tana goge da'irar alli. Saje ya zuge gilas kamar yadda aka ce masa. Sauro ɗaya ya shigo ya sauka a wuyan Mai-Turare, hannunsa na ɗaure ta baya, ya yi ta karkata kai yana duban Saje. Saje ya mayar da idonsa kan titi.